Darasin Kuɗi Kan Na'urar Yankan Sauti: Ko Kwalliya Na Biyan Kuɗin Sabulu?



Yau da masu haɗa kiɗa za mu yi, musamman matasan da hankalinsu ya fara karkata ga na'urorin nan na yankan sauti, irin su MPC ta kamfanin Akai, da SP-404 ta Roland, da Digitakt da Octatrack na kamfanin Elektron. Iyaye da yayye ma su matso kusa da rediyo, domin sau da yawa aljihunsu ake dosa idan maganar kuɗin kwas ta taso. Yaro ne ya mallaki irin wannan na'ura, ko yana tarin kuɗin sayenta, sai ga talla ta faɗo masa a waya, wai ga jerin darussa na bidiyo, ya biya kaza a mayar da shi gwani. Ya biya, ko ya riƙe kuɗinsa?

Ga wanda bai taɓa ganin na'urar ba, ɗan akwati ne da za ka iya ɗorawa a cinya. A fuskar MPC akwai maɓallan roba masu laushi guda 16, layi huɗu, kowane layi huɗu. Asalin aikinta ya bambanta da na fiyanon Yamaha da situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos suka saba da shi. Ita wannan kai za ka nemo mata sautin, daga faifan garmaho, ko tsohon kaset, ko ka kara makirufo a bakin ganga. Ta naɗa, ka yayyanka, ka rarraba gutsattsarin a kan maɓallan, sai ka buga da yatsu. Abin da ka buga ta riƙe, ta yi ta maimaitawa, kana ɗora wani a kan wani har kiɗa ya tashi. Kaso mai tsoka na hip-hop ɗin Amurka na shekarun 1990 a kan irin waɗannan akwatuna aka gina shi.

Bari mu ɗan waiwaya, don tarihin yana da abin faɗa a kan tambayarmu. A 1987 kamfanin E-mu ya fitar da SP-1200, wadda duka-duka sautin daƙiƙa 10 take iya riƙewa. Daƙiƙa 10 fa, jama'a, ganga da bes da komai a ciki. Sai matasan New York suka ɓullo da dabara. Faifan da ya kamata ya juya sau 33 a minti, sai su sa shi ya juya sau 45, su naɗa da sauri don ya ci wuri kaɗan, sannan su rage masa gudu a cikin na'urar. Rage gudun nan yana sa sautin ya yi kaushi, kuma wannan kaushin ne ya zama tambarin kiɗan zamanin, har yau ana nemansa da kuɗi. Ba a makaranta aka koyar da dabarar ba. Wani ya gani a ɗakin wani, ya kai wa wani.

A 1988 kuma Akai ta Japan ta haɗa kai da Roger Linn, Ba'amurken da ya yi suna wajen ƙera injin ganga, suka fitar da MPC60. A kan irinta ne wani yaro a birnin Detroit, James Yancey, wanda duniya ta sani da J Dilla, ya koyi aikin. Yadda ya koya shi ne abin da nake so mu riƙe. A unguwarsu akwai wani makaɗin fiyano, Amp Fiddler, wanda ya yi aiki da George Clinton, yana da na'urar a gidansa. Ya buɗe wa yaron ƙofa, ya nuna masa, ya bar shi ya yi ta dannawa. Daga baya ma shi ya haɗa shi da Q-Tip na ƙungiyar A Tribe Called Quest. Dilla ya rasu a 2006 yana ɗan shekara 32, kuma MPC3000 ɗin da ya yi aiki da ita tana ajiye yanzu a gidan tarihin baƙar fatar Amurka da ke Washinton.

Na san wani zai ce, to ai magana ta ƙare, tunda Dilla bai sayi kwas ba ni ma ba zan saya ba. Ni ba haka na fahimci labarin ba. Dilla yana da Amp Fiddler. Yaron da ke Gusau ko Maraɗi ko Zangon Kumasi, wanda wansa ya aiko masa da SP-404 daga waje, zai iya karaɗe unguwanni bai sami mutum ɗaya da ya taɓa kunna irinta ba, domin a wajenmu fiyano da FL Studio a kwamfuta su suka mamaye situdiyo. Darasin kuɗi ƙoƙari ne na maye gurbin wancan maƙwabcin. Don haka sai mu duba me maƙwabci yake yi wa mai koyo, mu ga nawa daga ciki bidiyo zai iya.

Amma tukuna, kuɗin. MPC One ta fito a 2020 a kan kusan dala 700, SP-404MKII kuma a 2021 a kan kusan dala 500, ban da kuɗin jirgi da na kwastan. Mutumin Landan ko Balin da ya kashe wannan, ƙara dala 40 ko 50 don ya iya sarrafa ta ba abin dogon tunani ba ne a wajensa. Mu lissafinmu daban. Tun da aka saki naira a kasuwa a tsakiyar 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. A wannan farashi, kwas na dala 50 naira 75,000 ke nan, alhali mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci, har da ɗoriya. Wanda zai fitar da wannan yana da haƙƙin ya san takamaimai me zai karɓa.

Abu na farko da maƙwabci ke yi shi ne ya ce maka danna nan, riƙe wannan ka murɗa wancan. A wannan fanni, in faɗa muku gaskiya, babu wani sirri da ake sayarwa. Akai da Roland da Elektron duk sun sa littafin jagorar na'urorinsu a shafukansu, kowa ya sauke kyauta. Duk maɓallin da mai kwas zai nuna maka yana cikin littafin nan. A YouTube kuma akwai mutanen da suka yi bidiyo na awa guda, awa biyu, suna bin na'ura ɗaya daki-daki ba su karɓi sisin kowa ba. Duk tallar da ta ce maka akwai ɓoyayyen sirrin da manyan furodusoshi ba sa so ka sani, ka rufe ta. Kamfanin da ya ƙera na'urar so yake ka iya ta, don gobe ka sayi wadda zai fitar.

Sai dai littafin jagora kamar ƙamus yake. Kowace kalma tana ciki, amma babu wanda ya taɓa iya magana don ya karanta ƙamus daga bango zuwa bango. Littafin zai gaya maka aikin kowane maɓalli, a shafuka masu ɗimbin yawa, da Turancin injiniyoyi, amma ba zai ce maka fara da wannan yau, bar wancan sai wata mai zuwa ba. YouTube kuwa matsalarsa warwatsuwa. Ka kalli na wannan, ya tsallake matakin da yake zaton kowa ya sani. Ka koma na wancan, minti biyar na farko gaisuwa ce da tallar kayansa. Na uku a kan tsohuwar na'ura ya yi nasa. Kana cikin haka data ta ƙare, ko a ɗauke wuta. Mu da muke sayen data da tsada, kyautar nan tana da nata kuɗin, kuma in aka tara na 'yan watanni ba ƙarami ba ne.

A nan ne darasin kuɗi mai kyau yake da hujjarsa, kuma ba na raina ta. Tsari kake saya. Wani ya zauna ya yi tunanin me ya kamata ka sani kafin me, ya ba ka sautukan gwaji iri ɗaya da nasa, yadda in ya ce yanka a nan, abin da ke fita a lasifikarka shi ke fita a tasa. Littafin nan MPC Bible da aka daɗe ana sayarwa a intanet haka aka gina shi, aiki bayan aiki, kana yi kana koyo. Wasu na'urorin kuma sun fi wasu buƙatar ja-gora. SP-404 yaro mai naci zai iya fitar da ɗan kiɗa da ita a ranar da ya buɗe kwali. Octatrack kuwa, wadda Elektron ta ƙasar Suwidin ta fitar a 2011, ta yi ƙaurin suna wajen wuya, har waɗanda suka daɗe a harkar sukan saya ta gagare su, su sayar. Mutum ya zuba fiye da dala 1,000 a na'ura, tana kwance wata da watanni, idan dala 40 za ta tashe ta, ni ban ga almubazzaranci a nan ba.

Ga ƙaramin misali don ku ga inda tsari ke amfani. Ka naɗi bugun ganga, ka yanka, ka ɗora a maɓalli. Duk sanda ka danna sai ka ji wani ɗan "ƙas" a farkon sautin, wanda babu shi a asali. Sabon shiga zai zaci na'urar ce ta samu matsala, ko waya ce ta kwance. Ba haka ba ne. Sauti a allo zane ne mai hawa da sauka a kan wani layi na tsakiya, kai kuma ka sa wuƙarka daidai lokacin da zanen yake can sama, sai lasifika ta yi tsalle daga shiru zuwa can a lokaci guda. Maganin bai wuce ka ƙara girman zanen, ka matsar da wurin yankan kaɗan zuwa inda yake ratsa layin tsakiya ba, ko ka ɗan tausasa shigar sautin. Ga wanda ya sani, kafin ƙiftawar ido ya gyara. Wanda bai sani ba kuwa, ko sunan matsalar bai sani ba, balle ya san me zai rubuta ya nema. Malamin kirki yana sa wannan a darussan farko, tun kafin ka ci karo da shi.

Amma kafin a tura kuɗi, akwai tarko. Na'urorin yanzu kwamfutoci ne a cikin akwati, kuma kamfanonin suna sabunta manhajar cikinsu. Roland ta sha ƙara wa SP-404MKII sababbin abubuwa tun fitowarta, Akai kuma da ta kawo manhajar MPC 3 ta sauya yadda ake jera aiki a na'urar sosai. Kwas ɗin da aka ɗauka kafin sauyin zai ce maka shiga nan ka danna kaza, ka duba allonka ka ga babu wurin sam. Ga sabon shiga wannan ya fi rashin darasi muni, don zai ɗauka shi ne ba ya da kai. Tambayar farko ga mai sayarwa ita ce, a kan wace na'ura aka yi, da wace manhaja, kuma in kamfani ya sabunta za ka sabunta mini darasin ko sai na sake biya? In ya fara kewaye-kewaye, ka samu amsarka. A duba ko ana iya sauke bidiyon a kalla ba tare da intanet ba, da ko akwai na gwaji da za ka ji ko kana gane Turancin malamin, da ko ana mayar da kuɗi. Udemy, alal misali, tana ba da kwana 30. Wanda ake biya wata-wata kuma a yi hattara, don zai ci gaba da cirar kuɗi ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba.

Wani tarkon a zuciyar mai saye yake. Sayen darasi yana da daɗi, yana sa mutum ya ji kamar ya yi wani abu. Ka biya, ka kalli bidiyo uku a kwance, ka ji ka ƙaru, alhali yatsunka ba su taɓa roba ba. Na'urar nan kayan kiɗa ce, hannu ne yake koyonta. In ba za ka kunna ta a gabanka ba, kana tsayar da bidiyo kana maimaita abin da aka yi, to kuɗinka kyauta ka yi wa malamin. Wanda kuwa bai ma sayi na'urar ba tukuna, ina roƙonsa kada ya sayi darasinta. Akwai manhajar waya mai suna Koala Sampler, kuɗinta 'yan daloli ne, tana naɗa, tana yanka, tana jerawa. Ya yi 'yan watanni da ita. In har kullum yana tashi da ɗokinta, to ya cancanci akwatin. In ta gundure shi, ya tsira da kuɗinsa.

Yanzu mu zo ga abin da maƙwabci ke yi wanda bidiyo ba ya iyawa. Mutumin da ke zaune kusa da kai yana jin abin da ka haɗa. Zai ce maka bes ɗin nan yana faɗa da gangar, ko gutsuren nan ya yi tsawo, ko ka cika kaya, cire biyu. Wani lokaci ma shiru kawai zai yi, ka gane daga fuskarsa cewa bai yi ba. Bidiyo bai san kana nan ba. Ko ka yi daidai ko ka yi shirme, zai wuce darasi na gaba. Ita kuwa sana'ar nan yawancinta kunne ce, ka saurari waƙar minti biyar ka tsinci daƙiƙa biyun da kowa ya wuce su. Ku ɗauki bugun gangar nan da ake kira Amen, wanda bai wuce daƙiƙa 7 ba, daga wani faifan ƙungiyar The Winstons na 1969. A bayan faifan yake, ba shi ne waƙar da ta yi kasuwa ba. Kunnen wasu ne ya tsinto shi bayan shekaru, aka yi dubban waƙoƙi da shi. Kunne kuwa yana buɗewa ne da yawan sauraro, da kuma samun wanda zai ce maka a'a, sake.

Saboda haka in an ajiye mini kwas biyu, ɗaya bidiyo 80 ne masu kyan hoto amma babu mai amsa maka, ɗayan darasi 10 ne kacal amma malamin zai karɓi abin da ka haɗa kowane mako ya saurara ya gaya maka inda ka kauce, na biyun zan ce a biya, ko da ya fi tsada.

Akwai kuma wani giɓi da ya shafe mu musamman, kuma shi ya fi damuna. Yawancin darussan nan a kan kiɗan Amurka da Turai aka gina su, bugu huɗu, a raba kowanne gida huɗu, gida 16 ke nan. Na'urar ma a haka take tashi, duk abin da ka buga sai ta jawo shi zuwa gida mafi kusa don ya daidaita. To da yawa daga kaɗe-kaɗenmu uku-uku suke tafiya, wani lokaci ma biyu da uku suna gudu tare. Ka ɗauko irin wannan ka tilasta shi cikin gida 16, zai zauna daidai a allo, amma babu wanda zai taka masa rawa. Na'urar tana da saitin uku-uku, tana kuma da inda za ka kashe daidaitawar gaba ɗaya ka buga yadda jikinka ya ji. Sai dai malamin da ke Los Angeles ambatonsa kawai zai yi ya wuce, don ba a nan kiɗansa yake ba.

Kalangu ya fi komai nuna wannan. Kowa ya ga mai kalangu ya rataya shi a kafaɗa, ya danne tsarkiya a hammata. Ya sauke makaɗi a fata, ya matsa, muryar ta hau. Ya sassauta, ta sauko. Maganar kalangu a wannan hawa da saukar take, shi ya sa Bahaushe ke jin take da kirari a cikinsa. Ita kuwa na'ura in ka ce ta yanka maka da kanta, wuraren da sauti ya yi tsini take nema, wato inda makaɗi ya sauka, ta sa wuƙa a nan. Wannan ya dace da gangar Bature, wadda in an buga an gama. A kalangu sai ta raba maka jimla ɗaya gida biyar, in kuma ka sauya musu jeri yadda kwas ya koya maka, ka wargaza maganar, wanda ya san taken ya ji abin da ba shi da kai ba shi da gindi. Dole ka yanka da hannu, ka bar kowane bugu da jelarsa, ka san inda jimla ta fara da inda ta dire. Haka kuntigin Ɗan Maraya Jos, haka kotson Ɗanƙwairo, haka ƙwaryar amadar Barmani Choge, kowanne da inda ake kama shi. Wannan ilimi ba a wajen malamin waje za ka same shi ba. Yana wajen makaɗan da ke raye, a gidajen biki da fadoji da filin dambe.

Tunda mun ambaci waɗannan bayin Allah, dole a yi maganar haƙƙi, wadda da wuya darasin maɓalli ya tsaya a kanta. A 1991 wata kotu a New York ta yanke hukunci a kan mawaƙi Biz Markie saboda ya ɗebi wani yanki na waƙar Gilbert O'Sullivan ba da izini ba, aka janye albam ɗin daga kasuwa, kuma tun daga nan harkar ta sauya, sai ka nemi izini ka biya. Shi kuwa Gregory Coleman, wanda ya buga gangar Amen ɗin nan, ya rasu a 2006 bai ci ko sisi ba daga waƙoƙin da aka gina a kan aikin hannunsa. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kuma Shata da Ɗanƙwairo da Barmani sun bar iyali da magada. Don kaset yana yawo a kasuwa ko a waya, bai zama na kowa ba. Ko babu kotu, akwai Allah. Haka nan kwas ɗin da wani ya sato yana rabawa a Telegram, gumin wani ne. In ba ka da halin biya, ga na kyauta nan birjik.

Sai na gida. Yanzu ana samun matasanmu da ke buɗe aji a WhatsApp da Telegram suna koyar da haɗa kiɗa da Hausa, a biya da naira. Ina maraba da wannan ƙwarai. Bayani da harshen da ka tashi da shi yana shiga inda Turanci ba ya kaiwa, kuma malamin da ya san wutarmu da ƙurarmu zai gaya maka abin da na waje ba zai tuna ba: kada ka jona na'urar da janareto ba sitabilaiza, ka lulluɓe ta lokacin hunturu, ka riƙa adana aikinka a kati tun kafin a ɗauke wuta. Amma a nan ma a buɗe ido. Wanda zai koya maka ya fara sa maka kiɗan da ya haɗa da hannunsa, ka ji. Ka tambayi waɗanda suka gama ajinsa me suke iyawa yanzu. Akwai masu kallon bidiyon kyauta da daddare su sayar da shi da safe.

Tsohon tsarinmu na zaman situdiyo shi ma yana da nasa aibin. Yaro yakan shafe shekara aikinsa sayo abinci da shara da tayar da janareto, maigida yana juya masa baya in zai yi abu mai muhimmanci, don tsoron kada gobe ya ƙwace masa kwastomomi. Ba duka ba, akwai iyayen gida na kirki da suka yaye yara da yawa. Amma a kan irin wancan zama, gara a yi ciniki a fili, ga kuɗi kaza, ga abin da za ka koya mini cikin mako kaza, zan riƙa kawo aikina ka saurara. Wanda ya ɓata shekaru yana koyon abu yana da haƙƙin ya ci daga gare shi.

To ƙanena, kai da ke riƙe da kuɗin kana jira, in na'urarka mai wuya ce irin Octatrack, ko ka sha fama da littafin jagora har kana iya faɗin daidai inda ka maƙale, biya, Allah ya sa albarka. In kuwa ka riga ka iya naɗa da yanka da jerawa, da ni ne ba zan ƙara sayen wani bidiyo ba. Mai kalangu zan nema a unguwa, in je har gida in gaishe shi, mu yi ciniki, in biya shi kuɗin yini guda. In kai shi ɗakin da ba ya amsa kuwwa, in kafa makirufo kamar taku ɗaya daga fatar, ya yi mini bugu ɗai-ɗai, mai hawa da mai sauka, mai ƙarfi da mai taushi. Sannan ya buga jimloli cikakku, yana gaya mini abin da kowacce ke cewa, ina rubutawa. Mu sa a takarda cewa ya yarda in yi aiki da su, da abin da zai samu in waƙa ta yi kasuwa. In na haɗa kiɗan farko, shi zan fara kai wa ya saurara, don shi zai gaya mini ko kalangun nasa yana magana har yanzu, ko na datse masa harshe.